Yadda Ake Ɗibar Samfurin Ƙananan Halittu a Maɓuɓɓugar Ruwan Zafi

Kafin a tsoma komai a ruwan, a fara duba launin da ya kewaye bakin maɓuɓɓugar da kuma hanyar da ruwan ke bi idan ya malala. A tsakiya ruwan kan kasance garau, amma da ya ɗan huce sai a ga shimfiɗar ƙananan halittu mai launin ɗorawa, daga nan kore da ruwan goro. Dalili shi ne halittun da ke haɗa abinci da hasken rana, irin su Synechococcus, ba sa jure zafin da ya haura digiri 73 a ma'aunin Celsius. Inda zafi ya wuce haka, sai wasu halittun dabam, kamar waɗanda ke samun kuzari daga iskar haidirojin ko farar wuta.

Saboda haka kada a ɗebi samfuri a wuri guda. A bi magudanar daga ido zuwa ƙasa, a riƙa auna zafi da tsamin ruwa a kowane zango, a rubuta nan take, domin ruwan da ya huce a kwalba ya riga ya sauya. Tsami yana da tasiri kamar zafi: Sulfolobus, wadda ke cikin rukunin arkiya (ƙananan halittu ne da suka bambanta da bakteriya), tana bunƙasa ne a ruwa mai tsami sosai, wanda pH ɗinsa (ma'aunin tsami) ke tsakanin 2 da 3. Samfurin da ba shi da waɗannan alƙaluma, a ganina, gara a zubar da shi.

Ruwa ana ɗibarsa ne da kwalbar da aka tsabtace daga kowace irin ƙwayar halitta, a ɗaura ta a doguwar sanda, sannan a tace shi ta matata mai ramukan maikiromita 0.22 (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Shimfiɗar kuwa, guntun da bai wuce faɗin farce ba ya wadatar. Idan aka dube shi ta gefe za a ga hawa-hawa ne, kore a sama, ruwan goro a ƙarƙashi inda irin su Chloroflexus suke, don haka a raba su kafin a daskarar, a adana a digiri 80 ƙasa da sifiri.

Ɓawon ƙasar da ke gefen ruwan siriri ne kuma yana ruftawa, warin ruɓaɓɓen ƙwai kuma alama ce ta iska mai guba. A gandun Yellowstone na Amurka ba a ɗibar komai sai da takardar izini.

A ɗakin gwaje-gwaje, kaɗan ne daga cikin halittun ke yarda su tsiro a farantin rainon ƙwayoyin halitta, shi ya sa ake karanta ƙwayar gadon 16S rRNA, wadda ke bambanta wani jinsi da wani, don a san su wane ne a cikin samfurin. Duk da haka a gwada rainon su a zafin da aka same su. Ta haka ne Thomas Brock da Hudson Freeze suka ware bakteriyar Thermus aquaticus, suka bayyana ta a 1969, kuma daga gare ta aka samo sinadarin Taq da ake amfani da shi a gwajin PCR, wato hanyar riɓanya ƙwayoyin gado a ɗakin gwaje-gwaje.