Darasi na Bakwai: Yadda Maganin Alaji Yake Aiki a Jiki

Ka taɓa kakkaɓe ɗaki mai ƙura, atishawa ta ƙi tsayawa, idanu suka yi jawur suna hawaye? Ko fata ta yi rudu-rudu da ƙaiƙayi, abin da muke kira borin jini? Wannan shi ne alaji. Garkuwar jiki ce ta ɗauki abin da ba ya cutarwa, kamar ƙura ko gashin kyanwa, a matsayin maƙiyi.

Nan take wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin fata da hanci da ido su fesa wani sinadari mai suna histamin. Histamin tamkar mabuɗi yake, akwai ƙofofin da suka yi daidai da shi. Da ya buɗe su, sai ƙananan jijiyoyin jini su saki, ruwa ya tsattsafo, wurin ya kumbura, hanci ya dinga yoyo.

Aikin maganin alaji, wanda ake kira antihistamin, shi ne ya toshe ramin mabuɗin. Histamin yana nan, amma ya rasa mashiga. Shi ya sa cikin kamar awa ɗaya ƙaiƙayi yake lafawa. A Faransa aka fara gano irin wannan magani a 1937, ta hannun masanin magunguna Daniel Bovet da abokan aikinsa.

Riƙe wannan da kyau: maganin ba ya raba ka da alajin. Idan ƙarfinsa ya ƙare kuma ƙurar tana nan, atishawa za ta dawo.

Maganin iri biyu ne. Na dā, irin su Piriton, yana ratsawa har ƙwaƙwalwa, ya kawo gyangyaɗi da bushewar baki. Wanda ya sha shi kada ya tuƙa mota ko babur, kada ya kusanci injin da ke yanka. Wannan ba abin wasa ba ne, barcin ba ya sallama. Na baya-bayan nan, irin su setirizin da loratadin, ba su cika sa barci ba, kuma babban mutum ƙwaya ɗaya mai miligiram 10 yake sha a rana. Mai ciki, mai shayarwa da ƙaramin yaro sai da izinin likita.

Amma idan leɓe ko harshe ya kumbura, maƙogwaro ya shaƙe, numfashi yana sarƙewa, kada a tsaya jiran ƙwaya ta yi aiki. A garzaya asibiti, allurar adirenalin ake buƙata.

Aikin gida: ɗauko kwalin maganin alaji, ka karanta sunansa da ranar da zai daina aiki, ka rubuta su a littafinka.