Yadda za a sa tsohon gida ya koma motsa jiki ba tare da an yi rigima ba

Tsohon da ƙarfinsa ya ja baya ya san motsa jiki na da amfani, ya sani sarai, likita ya faɗa masa, ya ji a rediyo, ƴaƴansa ma sun ishe shi da maganar. Abin da ke zaunar da shi yawanci a zuci yake, da kuma wajen mutanen da ke kewaye da shi: tsoron faɗuwa, kunyar a gan shi da sanda, rashin abokin hira tun da tsaransa suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, sai kuma mu da kanmu da ladabin nan namu na "zauna Baba a kawo maka buta", "Inna ki bari yara su share". Niyyar mai kyau ce wallahi, amma ita ke cinye musu ƙafafu. To daga nan za ka fara, lissafin minti nawa zai yi tafiya ya zo daga baya.

Da farko ka gano ko raunin tsufa ne ko wani ciwo ne ya ɓuya. Tun wani bincike da aka fitar a Amurka a 2001 likitocin tsofaffi suke duba alamomi 5: rama ba dalili, gajiya kullum, hannu ba ya damƙar abu da ƙarfi, tafiya ta koma a hankali, zama ya yi yawa. Wanda ya haɗa 3 a ciki shi ake lissafawa mai rauni. Ka kai shi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ko babban asibiti a auna tansiyo da sukari, a duba ido, don yanar ido kaɗai tana iya hana mutum fita daga magariba. Ka zuba duk magungunan da yake sha a leda ka tafi da su, har na gargajiya da waɗanda aka saya hannun masu talla, saboda wasu magungunan hawan jini da na barci suna sa jiri in an miƙe farat ɗaya. Kuma ka bari likitan ya faɗa da bakinsa a gabansa cewa ya riƙa tafiya. Maganar da zai ƙi ji daga ɗan da ya haifa zai karɓe ta daga mai farar riga, haka suke.

Mataki na biyu shi ne tsoro, kuma nan ne aikin yake. Tsoho in ya taɓa zamewa sau ɗaya a banɗaki, ko da bai ji ciwo ba, sai ka ga ya rage fita, in ya rage fita ƙafa ta ƙara sanyi, in ta ƙara sanyi faɗuwar da yake gudu ta ƙara matsowa, shi kuma ya ƙara lafewa a kan tabarma. Kada ka ce masa "haba Baba ba abin da zai same ka", ya fi ka gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara a duniya, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Abin da ke rage tsoron shi ne ya ga an gyara gidan da idonsa. Tabarmar da bakinta ya naɗe a ɗauke ta daga hanya, igiyar akuya da turke su bar tsakar gida, simintin wajen famfo da ya yi gansakuka a kankare shi, a ajiye fitila mai caji kusa da gadonsa saboda in an ɗauke wuta da dare. Ka kira mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a bangon banɗaki, ba wani kuɗi ba ne. Silifas ɗin nan da ya cinye ta baya a jefar, a samo takalmi mai riƙe dunduniya. Ka koya masa in ya farka ya ɗan zauna a bakin gado tukuna kafin ya miƙe.

Sanda kuma, maza ne suka fi ƙin ta, wai za a ce sun gama. Ni dai na lura in aka sayo mai kyau aka ba shi ita kamar tsaraba, ba kamar umarnin asibiti ba, yana riƙewa. Tsawonta ya kai daidai wuyan hannu in yana tsaye ya saki hannun ƙasa, kuma a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, wato in gwiwar dama ke ciwo sanda ta koma hagu. Mutane da yawa suna yin akasin haka.

Na uku, ka nemo masa wurin zuwa. Dattijo ba ya fita yawo don yawo, in ka ce ya zagaya unguwa sau biyu ya dawo zai ga ka mai da shi yaro ko mahaukaci, ya kuma ji nauyin abin da maƙwabta za su ce. Amma masallaci fa? Majalisar tsaransa a gindin dogon yaro? Duba wani abokinsa da ke kwance? Waɗannan ba sai an roƙe shi ba. In da ana ɗaukarsa a babur zuwa masallacin da bai wuce kwanar layi biyu ba, a fara sauke shi a kwanar ƙarshe ya taka sauran, bayan sati biyu a ƙara nisa. Wanda ya daina zuwa gaba ɗaya ya fara da sallah ɗaya a rana, la'asar ko magariba, wadda ido ke gani.

Mata tsofaffi sun fi wuya, gaskiya, don su zaman gida an riga an ɗauke shi mutunci, ga surukai da jikoki sun karɓe duk aikin. Wadda mijinta ya rasu ta yi takaba wata huɗu da kwana goma a ɗaki, sau da yawa ko an gama ba ta koma yadda take. Ita a maido mata da wani aiki da zai zama nata ita kaɗai: ba jar akuyarta dusa safe da yamma, shanya tufafi, ɗan sharar ƙofar ɗakinta, ban ruwan zogalen da ke bayan ɗaki. A raka ta islamiyya da ƙafa, ko barkar haihuwa a maƙwabta, ko taron asusun mata. Ka ja matarka da ƙannenka gefe ka yi musu bayani tun da wuri, in ba haka ba wata za ta fizge tsintsiyar daga hannun Hajiya don kada baƙi su shigo su ce ana bautar da tsohuwa.

Na huɗu shi ne ƙarfin ƙafa, don tafiya kaɗai ba ta isa. A samu kujera mai ƙarfi, ta katako ko ƙarfe, ba ta roba mai rawa ba, a jingina ta da bango. Ya zauna, ya matso bakin kujera, ƙafafu a ƙasa sosai, ya miƙe a hankali, ya koma a hankali ba ya faɗa ciki ba. Sau 5 ya isa a farko, yana dafawa da hannu in ya ga dama, daga baya a kai 10, daga baya ya rungume hannu a ƙirji. Sai ya dafa bango ya ɗaga dugadugai ya sauke, sai ya tsaya ƙafa ɗaya gaban ɗaya na ɗan lokaci kana tsaye a gefensa. A ɗaure abin da wani abu da yake yi kullum, misali kafin a kawo koko da safe, don kada ya zama sai an tuna. In ya ce shi ya wuce wannan, ka ba shi labarin binciken da aka yi a Boston a 1990, tsofaffi 10 masu shekara 86 zuwa 96 aka sa su ɗaga nauyi da ƙafa na sati 8, ƙarfin cinyarsu ya ninka fiye da sau biyu. Shawarar OMS ta 2020 ga masu 65 zuwa sama ita ce motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a sati, da motsin daidaita tsayuwa kwana 3, amma ita kanta ta ce mai rauni ya fara kaɗan, kaɗan ɗin ya fi babu. Kada ka karanta masa waɗannan lambobin na OMS, gwiwarsa za ta yi sanyi.

Sai abokin tafiya, kuma ba kai ba. Kai ɗa ne, tsakaninku akwai nauyi, kuskure kaɗan ka fara yi masa faɗa shi kuma ya yi fushi. Jika ya fi ka iyawa. Yarinya ƴar shekara goma za ta ce "tashi mijin nawa, kai ko rakiya ba ka yi min", ya yi dariya ya ɗauki sanda, jika namiji kuma ya tsokani kakarsa da "matata ta tsufa" har ta miƙe ta bi shi da muciya. In akwai tsaransa mai ɗan ƙwari a layin, ka roƙe shi ya riƙa biyo masa. Ku da ke Yamai ko Kano, in kun kira a WhatsApp kada ku tsaya a "ya jiki" kaɗai, ku tambaya wa ya gani yau a majalisa. Yabo kuma ya zama na abin da aka gani: "Baba yau ba ka dafa ba ka miƙe."

Lokaci: a Maradi watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, sai bayan asuba ko in rana ta yi sanyi, kuma a miƙa masa ruwa ko bai nema ba, tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri. Ranar ƙurar hunturu ko taɓon damina a tsaya a na kujera. Da azumi a mai da shi bayan shan ruwa. In ya ji ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe har ba ya iya magana, a tsaya nan take a nemi likita.

Za a samu koma baya, zazzaɓi na sati ɗaya zai iya maido shi farko, sai a sake daga sau 5 ba tare da gori ba. Amma in ka ga ya ƙi komai, abinci ya ragu, barci ya lalace, hirar da yake so ma ya daina, yana yawan cewa shi jira kawai yake, kuma abin ya wuce sati biyu, wannan ya wuce ƙyuya. Ciwon damuwa na kama tsofaffi sosai, musamman bayan rasuwar abokin zama ko ritaya, kuma ana maganinsa. Ka koma da shi wajen likita ka faɗi waɗannan alamun ɗaya bayan ɗaya, don shi da kansa "lafiya lau" kawai zai ce.