Yadda Ake Tsara Waƙar Ibada ta Yara Bisa Dabarar Cecil Frances Alexander

Malaman makarantar Lahadi a unguwannin Asawase da Aboabo na Kumasi, Ghana, sun san wannan matsala: yara na haddace Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, wato taƙaitaccen bayanin imanin Kirista, amma a tambaye su ma'ana sai su yi zuru. Wata mata haifaffiyar Dublin, Cecil Frances Alexander (1818 zuwa 1895), ta samo maganin haka. A littafinta na waƙoƙin yara na 1848 ta riƙa ɗaukar jimla guda daga shaidar ta mai da ita waƙa sukutum. Batun halitta waƙarsa daban, haihuwar Almasihu daban, gicciye daban.

To, nan za a fara: jimla ɗaya, waƙa ɗaya. Wanda ya cusa halitta da tashin matattu cikin baiti huɗu ya yi wa'azi ne kawai.

Sai a kawo abin da idon yaro ya saba gani. Ita furanni da tsuntsaye da duwatsu ta sa. Yaron Kumasi a ba shi ƙadangare a kan katanga, ganyen ayaba, ruwan sama a kan kwano, tafkin Bosomtwe. A fara da abin gani, darasin ya biyo baya a ɗango na ƙarshe.

Aikin gaske yana wajen awo. Waƙarta ta gicciye tana tafiya ne gaɓa 8, 6, 8, 6, kuma wannan kari yana karɓar Hausa. Misali:

Wa ya ba tsuntsu fiffike?
Uba Mahalicci.

A ƙirga da tafi: takwas, shida. Amma ƙirga kaɗai ba ta isa ba, domin gaɓar Hausa akwai mai nauyi akwai mai sauƙi. In gaɓa mai nauyi kamar "tsun" ta faɗa inda sautin ke gudu, yara za su haɗiye ta. In gajeren wasali ya faɗa inda ake ja, kalma na iya sauya ma'ana, fara ta launi ta koma fara ta ci a kunnen mai ji. Shi ya sa fassara kalma da kalma daga Turanci ke fitowa a karkace. A rera kowane ɗango kafin a rubuta na gaba.

Baiti uku zuwa huɗu sun isa, da amshi na ɗango biyu. Amsa-amo ya kasance a ɗango na biyu da na huɗu. Kada murya ta haura inda yaro zai yi ta maƙe wuya.

A kula da abin da ake dasawa. A waƙarta ta halitta akwai baitin da ke nuna Allah ne ya ajiye attajiri a fadarsa, matalauci a bakin ƙofa. Yawancin majami'u sun daina rera shi, kuma sun yi daidai.

Gwajin ƙarshe: a tara yara biyar ko shida, a rera musu sau uku, a bar su. Ranar Lahadi mai zuwa a ce su rera da kansu. Duk kalmar da suka musanya da ta Twi ko ta Hausar zango, alama ce ta yi musu nauyi. A cire ta, a sa tasu in ta dace da awon.