Yadda za ka gane ko GPS na hannu gaskiya yake faɗa maka kan saurin tahiyarka

Masu yawo da GPS na hannu irin su Garmin eTrex, wato na'urar da ke nuna inda kake da nisan tahiyar da ka yi, ko masu auna gonaki ne ko masu bin burtali da rijiyoyi a ƙauyukan Maradi, sun san abin nan, ka dawo ka duba matsakaicin sauri ka ga lambar da ba ta yi kama da tahiyar da ƙafarka ta yi ba. Yawanci na'urar ba ta lalace ba.

Kafin ka ɗaga ƙafa, fita fili inda sama take buɗe ka ba ta minti biyu uku ta kama taurari. Ba ruwanta da reso, taurarin ɗan adam take saurare daga nisan kilomita wajen 20,000, kuma sai ta samu aƙalla 4 take sanin inda kake sosai. Bayan ta kama ne za ka share lissafin tahiyar jiya ya koma sifili, in ka manta to wanda ya hau kabu-kabu da ita jiya saurinsa yana nan cikin lissafinka. Ka leƙa ma'auni ma, kilomita ne ko mil, don mil ɗaya kilomita 1.6 ne.

Sai babban abin da ke rikita mutane, matsakaicin sauri iri biyu ne a ciki. Ɗaya lokacin da kake motsi kaɗai yake ƙirgawa, ɗayan kuma har da zama da shan ruwa da salla duk yana haɗawa. Ka ce ka yi kilomita 6 cikin awa 2 amma rabin awa a zaune ka yi ta, na farko zai ce 4 a awa, na biyu ya ce 3, kuma kowanne gaskiyarsa. Wanda ban yarda da shi sosai ba shi ne na motsin, saboda na'urar ce da kanta take yanke cewa ka tsaya ko kana tahiya, kuma tahiyar ƙafa ba ta da sauri, in kana jan ƙafa cikin rairayi sai ta ɗauka tsayawa ka yi ta rage maka mintuna, lambar ta hau. In kuma ka tsaya gaisuwa, mu da gaisuwarmu ba ta ƙarewa, ina gajiya ina gida ina kwana biyu, ita tana can, wurin da take nuna kake yana ɗan rawa mita kaɗan nan da can tana tara su a matsayin tahiya. Ƙarƙashin itatuwan mangwaro na bakin Gulbi ko cikin rumfunan kwano na babbar kasuwa abin ya fi muni, siginar tana bugun kwano kafin ta iso. Don haka in zaman zai yi tsawo ka dakatar da lissafin ko ka kashe ta, kuma kar ka cusa ta ƙasan jaka, rataye ta a kafaɗa kanta yana kallon sama.

Gwajin da na fi so ba ya cin ko dala. Nemi hanya miƙaƙƙiya mai duwatsun kilomita a gefe, kama agogo daga dutse ɗaya zuwa na gaba ba tsayawa, sannan ka raba 60 da mintunan da ka yi. Minti 12 ya ba ka 5 a awa, minti 15 ya ba ka 4. Gwada da abin da na'urar ta nuna, in bambancin ɗan kaɗan ne ƙyale shi. In ta nuna maka 7 alhali tahiyar kasuwa kake yi, koma ka duba ko ka share na jiya. Kuma ka yi gwajin kilomita 2 ko 3, gajeriyar tahiya kuskuren mita kaɗan ma yana ɓata lissafin.