Yadda zaka gane ko littafin JAMB ɗin da zaka saya na bana ne, musamman masu neman medisin

Duk shekara da an fara maganar rajistar JAMB sai kaga shagunan littattafai sun cika da sabbin kaya, kowane littafi bangonsa sai ƙyalli yake an rubuta shekarar bana da manyan baƙaƙe, yaro kuma da yake son ya karanta medisin a BUK ko ABU Zariya ko Ɗanfodiyo Sakkwato yasan makin da ake nema ba wasa bane, sai ya ɗauki kuɗin da babansa ya haɗa da ƙyar ya miƙa kawai saboda yaga shekara a bango. To ƙanina bango ba hujja bane wallahi, canza bango shine abu mafi arha a harkar buga littafi, cikin ne yake cin kuɗi, shi yasa wasu suke barin cikin yadda yake su sake masa riga.

Kafin ma ka taka ƙafa kasuwa ka fara sauke silabus ɗin JAMB a wayarka, kyauta ne, yana shafinsu jamb.gov.ng a ɓangaren da suke kira IBASS, nan ne suka haɗa silabus da bayanin darussan da kowane kwas yake buƙata. Mai neman medisin darussa 4 zai rubuta, Turanci da bayoloji da kemistiri da fizis. Silabus ɗin nan shine ma'auninka, duk littafin da ka ɗauka ka buɗe shafin jerin babobi ka gwada da shi, in kaga darussan da ke silabus babu su a littafin to ka ajiye ko da mai shago ya rantse maka jiya aka sauke shi daga mota. A ƙarshen silabus ɗin kowane darasi akwai ma jerin littattafan da suka bada shawarar a karanta.

Yanzu ka ɗauki littafin, kar ka tsaya kallon bango, buɗe shafi na biyu ko na uku, bayan shafin da aka rubuta sunan littafin, akwai wani shafi mai ƙananan rubutu da kusan babu mai karanta shi, to nan gaskiyar take. Zaka ga inda aka rubuta First published da shekara, wannan shekarar da littafin ya fara fitowa kenan. Sai ka nemi Revised edition ko Second edition ko Third da sauransu, wannan shi yake nuna an taɓa cikin littafin an gyara ko an ƙara. Sai kuma Reprinted, wani lokacin da jerin shekaru a jere har zuwa bara ko bana, kuma a nan ne mutane suke faɗawa, domin wannan ba sabon bugu bane, an dai sake buga wancan tsohon ne saboda ya ƙare a kasuwa, ko waƙafi ba a canza ba. Littafi zai iya zama an gyara shi shekara goma da suka wuce amma takardarsa ta fito daga inji watan jiya. Shekarar da ke gaban Revised ko lambar edishin ita zaka riƙe.

Sannan ka duba lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, tana wannan shafin kuma tana bayan littafin wajen layukan nan baƙaƙe. Tun 2007 lambar ta koma guda 13, kafin nan 10 ce, saboda haka in ka ga littafi mai lamba 10 kaɗai kasan ya kwana biyu. Na Najeriya yawanci da 978-978 suke farawa, kuma ƙa'ida ita ce in anyi sabon edishin ana bashi sabuwar lamba, in kuma sake bugawa ne kawai lambar bata canzawa. Ka gwada ta ciki da ta baya, in sun saɓa akwai lauje cikin naɗi, galibi sabon bango aka ɗora wa tsohon ciki. Zaka iya kuma buga lambar a Google nan take a tsaye a shagon, ba duka littattafanmu na gida suke fitowa ba amma manyan kan fito.

Ni a ganina abin da yafi muhimmanci ka gane shine ba duka littattafan nan ne suke tsufa da sauri ɗaya ba, kuma a nan ake asarar kuɗi ta ɓangare biyu. Littafin kemistiri na Ababio da fizis na Anyakoha da bayoloji na Ramalingam da yayanka ko yayarki suka karanta shekaru kaɗan baya, in dai shafukan basu zube ba kuma ka gwada da silabus sun dace, ba sai ka sayi sabo ba, dokokin Newton basu canza ba, yadda zuciya take harba jini yana nan yadda yake, lissafin mol ma haka. Sabon edishin kan zo da ƙarin tambayoyi da zane mai kyau, in da hali ka saya, in babu kar ka ɗaga wa iyayenka hankali.

Wanda babu sassauci a kansa shine littafin labarin da JAMB take sawa a Turanci, domin shi canza shi ake yi ɗungurungum. An yi Sweet Sixteen na Bolaji Abdullahi, daga 2021 aka koma The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli aka yi shekaru ana yinsa, sai a 2025 aka kawo The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Tambayoyin Turanci 60 ne kuma 10 daga ciki daga wannan littafin suke fitowa, kaga kenan kashi ɗaya cikin shida na makin Turancinka, ga wanda yake neman medisin inda maki biyu uku suke raba mai shiga da mai jiran baɗi, wannan ba ƙaramin abu bane. Har yanzu zaka samu ana sayar da taƙaitawar tsofaffin littattafan nan da tambayoyinsu a gefen titi, yaro ya zauna ya haddace sunayen mutanen da ba za a tambaye shi ba. Ka tabbatar da na shekararka daga sanarwar JAMB ɗin kanta, kuma ka sani ana bada kwafin littafin a cibiyar CBT, wato inda ake rubuta jarabawa a kwamfuta, lokacin rajista, kuɗinsa yana cikin abin da ka biya, ka karɓi naka kar ka baro shi don kana sauri.

Sai littafin tambayoyin baya, shi kam yafi kowanne shan kwaskwarimar bango. Kar ka yarda da shekarun da aka rubuta a gaba, juya can ƙarshe ka ga shekarar ƙarshe da aka kawo tambayoyinta da gaske, sannan ka duba ko amsoshin wannan shekarar suna ciki, don wasu zasu manna shafi biyu uku a ƙarshe ba amsa ba bayani suce ai ya kai bana. Ka karanta gabatarwar ma, in kaga ana ce maka ka zo da fensir ɗin HB ka cike akwati da kyau to wannan rubutun tun kafin 2015 ne, shekarar da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. In kuma suka ce Turanci 100 ne sauran 50 50 shima tsohon tsari ne, yanzu tambaya 180 ce cikin awa 2, Turanci 60 sauran ukun 40 40, jimillar maki 400. Tsofaffin tambayoyin kansu suna da amfani sosai fa, ka yi su, amma ka dinga auna lokacinka da tsarin yanzu. Wani abu kuma, tunda aka koma kwamfuta babu takardar da ɗalibi yake fitowa da ita, saboda haka tambayoyin shekarun nan na kusa da ake bugawa yawanci daga abin da mutane suka tuna aka haɗa su, shi yasa kuskure yake yawa a amsoshin, duk amsar da ta ɗaure maka kai ka koma babban littafin darasin ko ka kai wa malaminka.

Ɗan jabu kuma gane shi ba wuya, takarda shara-shara kana ganin rubutun bayanta, zanen bayoloji ya dushe ba a gane kibiyar ina ta nuna, shafi ya tsallake daga 112 zuwa 129, farashi kuma ya sauka ƙasa da rabin na sauran shaguna. In littafin a leda yake ka ce Alhaji don Allah a buɗe min ɗaya in duba ciki, mai gaskiya baya hanawa.

Na bayan JAMB wato Post-UTME kowace jami'a da tsarinta, wata jarabawa take yi a kwamfuta wata tantance sakamako kawai, kuma sukan canza, an ma taɓa soke shi a 2016 aka dawo da shi 2017. Don haka ƴan takardun fotokwafin da ake sayarwa a bakin get kar ka saya sai ka karanta sanarwar jami'ar ta wannan shekarar a shafinta.

Masu tunanin fita waje suma abin ya shafe su. MCAT, jarabawar shiga medisin ta Amurka, an sake mata tsari a 2015, aka ƙara ɓangaren halayyar ɗan adam da zamantakewa, maki ya koma 472 zuwa 528, duk littafin da ya girmi wannan shekarar bashi da amfani a wajenka, kuma kamfanonin can sukan rubuta shekara biyu a bango kamar 2025-2026 su fitar da littafin tun kafin shekarar ta shigo. A Ingila kuma cikin jarabawoyinsu na shiga medisin UKCAT ta koma UCAT a 2019, BMAT an daina ta bayan 2023, saboda haka in wani ya turo maka PDF a WhatsApp da waɗannan tsofaffin sunayen ka shiga shafin masu jarabawar ka ga ɓangarorin da ake yi yanzu kafin ka kashe kuɗin firintin.