Yadda na rabu da ƙugin amfilifayata ta jita

Tsohuwar amfilifayata irin mai kwalabe ce a ciki, wato ƙananan bututun gilashi masu ƙara ƙarfin sauti. Da zafin Afrilu ya kama a Sakkwato, ma'auni ya haura digiri 40, sai ta riƙa ƙugi kamar janareta, bayanta ba ya taɓuwa. Mai gyara a unguwar Mabera ya buɗe ta ya girgiza kai: "Malam, kwalaben nan sai an yo oda daga Legas."

Sai na koma neman ta dijital, wadda kwamfutar cikinta ke kwaikwayon muryar amfilifayoyi iri-iri. Biyu na auna. Fender Mustang LT25 wat 25 ce da lasifika inci 8, ta ishi ɗaki, amma a wajen biki kalangu zai danne ta. Boss Katana-50 wat 50 ce, lasifika inci 12. Abin da ya ja ni gare ta shi ne maɓallin rage ƙarfi zuwa wat 25 ko 0.5, don ina atisaye bayan isha'i, kuma katangarmu ɗaya da liman.

Saura kaɗan in yi ɓarna. Wani ya kawo mini ta hannu daga Amurka da araha, na duba bayanta na ga bolt 120, alhali wutarmu 230 ce, da na jona ta da ta ƙone. Na mayar masa, na nemo mai 230.

Ɗan ƙugin da ya rage kuwa, ashe daga wayoyin lantarki ne. Na canza wayar jita, na haɗa da sitabilaiza, na matsa nesa da cajar wayar salula. Shiru kake ji.