Yadda Ake Shiga Aikin Sa Kai a Ƙungiyar Ba da Shawara ta Unguwa

A kowace unguwa ta birnin Kano, ko Kurna ce ko Sheka, ko Dorayi ko Rimin Kebe, akwai mutanen da ke kwana da damuwar da doka ta riga ta tanadar wa mafita, sai dai ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Akwai matar da mijinta ya rasu, ta fita daga takaba, amma har yau dangin miji ba su ce uffan a kan rabon gado ba. Akwai dattijon da ya yi ritaya yana yawo da takardun fansho daga wannan ofis zuwa wancan, da ɗan hayar da maigida ya ba shi mako guda ya kwashe kayansa, da uwar da aka kama ɗanta tun shekaranjiya ba ta ma san caji ofis ɗin da yake ba. Ƙungiyoyin ba da shawara na unguwa, waɗanda da yawansu ba su wuce ɗaki ɗaya da teburi da benci biyu ba, saboda irin waɗannan bayin Allah suke buɗe ƙofa, kuma nauyin aikinsu a wuyan 'yan sa kai yake. Wanda yake da niyyar shiga wannan aiki, namiji ne ko mace, ga yadda zai kama hanyarsa.

Kafin ka ba wata ƙungiya lokacinka, ka tuna cewa har da sunanka za ka ba ta, domin duk abin da ta aikata a idon unguwa za a ce da kai aka yi. Saboda haka ka nemi ganin takardar rajistarta da idonka, ko ta CAC ce, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, ko ta wata ma'aikatar gwamnati da ke kula da ƙungiyoyi, sannan ka ji ta bakin mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa da ofishin. Ka tambaya ko akwai lauyan da ke duba aikin da ake yi, ka kuma tambayi inda kuɗin haya da na takarda suke fitowa. Kano gari ne na siyasa, kuma da zarar zaɓe ya ƙarato sai ka ga ƙungiyoyi sun tsiro kamar ciyawar damina, su bushe da zarar an rantsar da gwamnati. Irin waɗannan ba su dace da mai son aikin nan ba, haka ma duk ƙungiyar da ke karɓar kuɗi daga hannun mai ƙorafi kafin ta saurare shi. Wanda unguwarsu ba ta da ƙungiya yana iya tuntuɓar reshen Kano na ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko ƙungiyar Isa Wali Empowerment Initiative wadda ta yi aikin horar da masu taimaka wa jama'a kan sha'anin shari'a, domin a nuna masa inda ake bukatar hannu.

Ba a bukatar digiri. Abin da ake bukata shi ne iya karatu da rubutun Hausa, da Turanci gwargwadon karanta wasiƙar ofis ko sammacin kotu, da kuma haƙuri. Mai iya ajami yana da amfani na musamman, domin wasu tsofaffin takardun cinikin gida da gona da shi aka rubuta su, kuma mai jin Fulatanci ko Yarabanci ko Ibo zai sauƙaƙa wa mutane da yawa a Fagge da Sabon Gari. Bukatar mata kuwa ta fi ta kowa, saboda akwai maganar da matar aure ba za ta taɓa furta ta a gaban namiji ba ko da za ta kwana tana kuka. Game da lokaci, ka ɗauki abin da za ka iya riƙewa ko da rabin yini ne sau biyu a mako, domin mutumin da aka ce ya dawo ranar Talata ya same ka, da kuɗin adaidaita sahun da ya nemo da ƙyar zai dawo.

A makonnin farko aikinka zama ne kusa da wanda ya riga ka, bayan an nemi izinin mai ƙorafi, ka buɗe kunne ka rufe baki. A nan ne za ka koyi ginshiƙin aikin gaba ɗaya, wato sauraro.

Ka ɗauka wata tsohuwa ce ta shigo, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta zauna a gefen benci, ta zaro baƙar leda daga ƙarƙashin mayafi tana kwance ƙullinta a hankali. A cikin ledar akwai rasit ɗin da ya koɗe, da katin asibiti, da takardar cinikin fili da aka ninke har ta kusa rabewa huɗu. Kada ka miƙa hannu ga takardun tukuna. Ka fara da gaisuwa cikakkiya, ka ce, "Sannu da zuwa, Inna. Ina gajiya? Yaya mutanen gida?" Sai gaisuwa ta kammala sannan ka ce, "Inna, muna saurarenki, kuma duk abin da kika faɗa a nan, a nan zai tsaya." Mai yiwuwa ta ɗauko labarin tun daga ranar ɗaurin aurenta, ka bar ta, domin sau da yawa abin da zai warware matsalar yana cikin maganar da kake ganin ba ta shafi zancen ba, kamar sunan wanda ya yi shaida ranar ciniki ko shekarar da aka yi katanga. Idan ta numfasa, sai ka bi abin daki-daki: me ya faru, yaushe ya faru, wa da wa aka riga aka kai wa maganar, kuma me suka ce. Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda sababbin 'yan sa kai suka fi mantawa da ita, alhali ta fi sauran muhimmanci: "To Inna, ke me kike so a yi?" Mutane da yawa ba kotu suke nema ba. Wata so take a zaunar da ita da ƙanin mijinta a gaban manya, a ba marayu haƙƙinsu ba tare da zumunci ya yanke ba, kuma idan ka tura ta kotu ba tare da ka ji wannan ba, ka ƙara mata wata damuwar a kan wadda ta zo da ita.

Daga nan ka maimaita mata abin da ka fahimta da kalmomi masu sauƙi, ka ce, "Haka ne, ko akwai inda na yi kuskure?" sannan ka rubuta a rajista tare da kwanan wata. Takardu kuwa fotokwafi ake ɗauka, a mayar wa mai su na asali nan take a gabansa. Na san ɗan sa kai mai kyakkyawar niyya da ya ajiye asalin takardar cinikin wani dattijo a durowa, ruwan damina ya zubo ta rufin ofis cikin dare ya narkar da tawadar, kuma biyu daga cikin shaidun cinikin sun riga mu gidan gaskiya. Tun daga ranar ban ƙara yarda asalin takardar kowa ta kwana a ofis ba.

Bayan sauraro sai sanin ƙofofi, kuma wannan ilimi ne da za ka zauna ka haddace. Rikicin aure da saki da ciyarwa da riƙon 'ya'ya yakan fara ne daga manyan dangi da mai unguwa, sannan Hukumar Hisbah ta Jihar Kano, wadda aka kafa da doka a 2003, tana zaunar da ɓangarori domin sulhu. Idan sulhu ya gagara, kotun shari'ar Musulunci ce ke yanke hukuncin da ya hau kan ɓangarorin duka, kuma can ake kai rabon gadon da aka kasa daidaitawa a gida. Yana da kyau ka san cewa matar mamaci tana da tumuni idan ya bar 'ya'ya, rubu'i idan bai bari ba, amma kada ka kuskura ka ɗauki biro ka yi wa kowa lissafin rabonsa, saboda sai an fitar da bashi da wasiyya kafin a raba, kuma magaji ɗaya da ba a ambata maka ba ya isa ya canja lissafin duka.

Maganar kamu ita ce ta fi zuwa da gaggawa da ruɗewa. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka kama a gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, wanda kuwa ko'ina a birnin Kano akwai, sai fa idan laifin da ake zargi na hukuncin kisa ne. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, wato ba a ɗauke uba ko mata domin a matsa wa wanda ake nema ya fito, ta kuma hana kama mutum a kan saɓanin da ba laifi ba ne, irin su karya yarjejeniyar ciniki. Idan ka raka iyaye caji ofis, ka shiga da ladabi, ka gabatar da kanka da sunan ƙungiyarka, ka nemi ganin jami'in da ke binciken, kada ka ɗaga murya ko da an ɓata maka rai. Idan al'amarin ya wuce nan, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976 aka sabunta dokarta a 2011, tana ba marasa hali lauya kyauta, kuma tana da ofis a Kano, haka ma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa da aka kafa a 1995. Waɗannan su ne ƙofofin iyalan da ɗansu ya daɗe yana jiran shari'a a gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse.

Ƙorafi a kan ma'aikata ko jami'in jiha ana kai shi Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, na hukumomin tarayya kuma akwai hukumar karɓar koke ta ƙasa da ke aiki tun 1975. Saɓanin kuɗin wuta ana fara rubuta shi ne ga kamfanin KEDCO, idan ba a warware ba sai a ɗaukaka shi zuwa ga hukumar da ke sa ido kan kamfanonin lantarki. A kowane ɗaya daga cikinsu, ka taimaki mutum ya rubuta gajeriyar wasiƙa mai kwanan wata, ya kai kwafi biyu, a buga masa hatimin karɓa a kan nasa.

Akwai abu guda da ba na sulhu ba ne, komai girman wanda ya zo roƙo. Idan aka kawo maka maganar fyaɗe, musamman ga yaro ko yarinya, asibiti ne farko, kuma cikin gaggawa, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala saboda haka aka buɗe ta. Za a zo maka da maganar rufin asiri da maƙwabtaka, ka sanar da shugaban ƙungiyarka da lauyanta a ranar, kada ka ɗauki wannan nauyi kai kaɗai.

Da zarar ka yi wata biyu kana wannan aiki, mutane za su fara kiran ka Barista. Ka gyara musu cikin fara'a kowane lokaci, domin doka ta hana wanda ba lauya ba ya nuna kansa a matsayin lauya, kuma wanda ya ɗauke ka lauya zai dogara da maganarka fiye da yadda ya kamata. Haka nan kada ka ba da fatawa, kada ka yi alƙawarin nasara a kotu, kuma idan tambaya ta fi ƙarfinka ka ce, "Baba, ka ba ni zuwa jibi in tambayo masana," sannan ka tabbata ka tambayo ɗin.

Sirri kuwa amana ce mai nauyi, domin Kano babban birni ne amma unguwa ƙarama ce. Labarin da ka ba abokinka a majalisa bayan la'asar, ko wanda 'yar sa kai ta ba ƙawarta a gidan biki, ko da ba a kama suna ba, kafin magariba an gane mai shi. Kada ka ɗauki hoton takardun mutane ka zuba a zauren WhatsApp, kuma rajista ta kwana a kulle. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta hau kan duk mai tattara irin waɗannan bayanai. Idan ka lura wanda ake ƙorafi a kansa ɗan'uwanka ne ko surukinka ko maigidanka a kasuwa, ka faɗa nan take, ka miƙa maganar ga wani.

Za a miƙo maka goro ko tukwici, ka ƙi karɓa cikin mutuntawa, ka ce addu'a ta wadatar. Kai ma kada ka mayar da aljihunka asusun ƙungiya, domin tausayi zai kai ka inda ba za ka iya ɗorewa ba. Mai tsananin bukata a haɗa shi da Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha ko masu hali na unguwa ta hannun shugabannin ƙungiya.

Nuna ƙofa da baki sau da yawa ba ya isa. Tsohuwar nan mai baƙar leda, idan ka ce mata ta je sakatariyar Audu Bako ta nemi ofis kaza, tana iya zuwa ta tsaya a bakin get ta juyo gida. Idan da hali a raka ta zuwan farko, mace ta raka mace, idan kuma babu hali a rubuta mata sunan ofishin da abin da za ta faɗa a 'yar takarda. Kafin ta tashi ka sa ranar da za ka kira ta, kamar bayan mako guda, ka rubuta ranar a rajista domin wanda ke bakin aiki ya kira ko da ba ka nan. Idan ba ta da waya, ka karɓi lambar maƙwabcin da ta amince da shi, ka kuma tambaye ta iyakar abin da ta yarda a faɗa a gabansa.